Kakar wasan da ba ta da zakara: yadda ake adana ayyukan ɗalibai da tarihin wasanninsu na lokacin korona

Ranar Alhamis 12 ga Maris 2020, da tsakar rana, ƙungiyoyin ƙwallon kwando na jami'o'in St. John's da Creighton suka fara karawa a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York. An tafi hutun rabin lokaci St. John's tana gaba da maki 38 da 35, kuma daga nan ba a dawo fili ba. Masu gasar sun soke ta saboda annobar korona tun 'yan wasa suna ɗakin sauya kaya. A kundin ƙididdiga wasan bai shiga ba ko kaɗan, babu wanda aka rubuta wa nasara, babu wanda aka rubuta wa faɗuwa. Kafin rana ta faɗi, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta soke babbar gasarta ta ƙwallon kwando ta maza da ta mata, haɗe da duk sauran gasannin da suka rage na wannan zango. Tun da aka fara gasar maza a 1939 ba a taɓa tsallake shekara ba, ko yaƙin duniya na biyu bai tsayar da ita ba.

Sai mutum ya san matsayin wasan jami'a a Amurka zai gane girman abin. A can akwai jami'o'in da filin wasansu ke ɗaukar 'yan kallo sama da dubu ɗari, kuma gasar ƙwallon kwandon maza ta watan Maris ita ce ke kawo wa NCAA mafi yawan kuɗin shigarta. Da aka soke ta, kuɗin da aka shirya raba wa manyan jami'o'i ya sauko daga kusan dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Wannan ɓangare na labarin ba zai ɓata ba, domin yana cikin takardun hukuma, da rahotannin kuɗi, da manyan jaridu. Abin da ke cikin haɗarin ɓacewa shi ne ɓangaren ɗaliban kansu: wanda ya shekara huɗu yana atisaye saboda rana guda, da wadda ta gama zanen kammala digirinta ba a samu bangon da za a rataye shi ba.

Matsalar farko ita ce, tarihin wasa a kan sakamako aka saba gina shi. Wa ya ci, da nawa, wa ya ɗauki kofi. Idan aka soke kaka, sai kundin ya zo da layi fanko, kuma wanda zai duba shi bayan shekara hamsin zai iya ɗauka babu abin da ya faru. Alhali a kakar 2019 zuwa 2020 abubuwa sun faru. Jami'ar Dayton ta jihar Ohio, wadda ba ta cikin manyan da aka saba ji, ta ci wasa 29 ta faɗi biyu kacal, ɗan wasanta Obi Toppin aka zaɓa gwarzon shekara na ƙasa baki ɗaya. Jami'ar Kansas ce ta ƙare a matsayi na ɗaya, kuma ginshiƙinta Udoka Azubuike ne, haifaffen Legas, wanda yake shekararsa ta ƙarshe. A ɓangaren mata, Sabrina Ionescu ta Jami'ar Oregon ta zama ta farko a babban rukunin NCAA, mace ko namiji, da ta haɗa maki 2,000 da taimakon cin ƙwallo 1,000 da cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 1,000, ta kai ga haka a watan Fabrairu, makonni kaɗan kafin a rufe komai. Ko ɗaya daga cikinsu bai samu damar gwada kansa a gasar ƙarshe ba.

An yi ƙoƙarin cike wannan gurbi ta hanyoyi biyu, kuma bambancinsu ya isa a tsaya a kai. Majalisar dattawan jihar Florida ta zartar da ƙudurin da ya ayyana ƙungiyar maza ta Jami'ar Florida State a matsayin zakarar ƙasa ta 2020. Ita kuwa Jami'ar South Carolina, wadda matanta suka ci wasa 32 suka faɗi ɗaya a ƙarƙashin koci Dawn Staley, ta rataye tuta a zaurenta mai nuna cewa sun ƙare kakar a matsayi na ɗaya. A ganina tutar ta fi ƙudurin amfani nesa ba kusa ba. Tutar ta faɗi abin da ya faru ta tsaya. Ƙudurin kuwa, ko da don a faranta wa yara rai aka yi shi, ya rufe ainihin abin da ya kamata a tuna, wato cewa ba a buga ba, kuma rashin bugawar ya yi wa mutane ciwo.

To me ake adanawa daga kakar da ba a buga ba? Masu aikin adana tarihi a ɗakunan karatu na jami'o'i sun gane da wuri cewa amsar tana bakin mutane da cikin wayoyinsu. 'Yan guje-guje da tsalle-tsalle sun riga sun isa birnin Albuquerque domin gasar ƙasa da za a fara washegari, suna ɗumama jiki labari ya zo. Yadda koci ya tara su ya faɗa musu, abin da suka ce wa iyayensu a waya, tikitin da aka buga ba a yi amfani da shi ba, jadawalin atisayen da aka riƙa tura wa kowa ya yi a tsakar gidansu, bidiyon mai ninƙaya yana ja da roba a ƙofar gareji saboda an rufe tafki, waɗannan su ne kayan tarihin wannan kaka. Daga baya aka samu ƙari: hotunan magoya baya da aka manna a kwali aka jera a kujeru, da ihun 'yan kallo na ƙarya da ake sakawa a lasifika, da takardun gwajin cuta na kowace safiya. A 2021 an buga gasar maza kaf a jihar Indiana, ta mata kuma a San Antonio da kewaye. Matan Jami'ar Stanford da suka ɗauki kofin wannan shekara, da maki 54 da 53 a kan Arizona, sun yi kusan mako tara suna yawo daga otal zuwa otal saboda ƙaramar hukumarsu ta hana wasannin da ake haɗa jiki. Kofin yana nan a akwatin gilashi, amma makonnin tara ɗin sai an zaunar da su an naɗi muryarsu kafin su shiga tarihi.

Akwai kuma waɗanda annobar ta tafi da ƙungiyar tasu ɗungurungum. A watan Mayun 2020 Jami'ar Furman ta rushe ƙungiyar besbol ɗinta saboda matsin kuɗi. A watan Yuli Stanford ta ce za ta daina ɗaukar nauyin wasanni 11 daga cikin 36 da take da su, har da kokawa. A Maris 2021 ɗan kokawarta Shane Griffith ya ci kofin ƙasa sanye da baƙar riga marar tambarin jami'ar, don nuna rashin amincewa, kuma bayan wata biyu jami'ar ta janye shawararta. Inda ba a janye ba, tambayar ajiya ta fi zafi. Koci ya tafi, ofis an ba wani, shafin ƙungiyar a intanet an sauke shi. Hotuna da kofuna da littattafan sakamako na shekaru aru-aru sukan ƙare a kwali a wani sito, ko a gidan tsohon ɗan wasa, sai fa idan ɗakin karatu ya yi hanzarin zuwa ya karɓa.

Wanda ke ganin duk wannan ƙananan abubuwa ne, ya dubi annobar murar 1918. Ita ma ta gutsure kakar ƙwallon jami'o'in Amurka, tare da yaƙin da ake yi, har Jami'ar Michigan wasa biyar kawai ta buga. Hoton da ya fi yawo a 2020 game da wancan lokaci shi ne na 'yan kallo sanye da takunkumin fuska a filin wasan Georgia Tech da ke Atlanta. Wani ɗalibi ne ya ɗauke shi, ya zauna a hannun zuriyarsa fiye da shekara ɗari, sai da korona ta zo tattaɓa-kunnensa ya fito da shi. Ya tsira ne saboda takarda ce, kuma takarda tana iya haƙuri a cikin akwati. Hoton da ɗalibin 2020 ya ɗauka da wayarsa ba shi da wannan haƙurin, zan dawo kan dalili.

Ɓangaren ayyukan fasaha ya fi na wasanni rauni, domin shi ba shi da 'yan jarida masu bibiya. Watan Afrilu da Mayu su ne lokacin da ɗaliban zane da sassaƙa ke baje kolin aikin kammala karatu, ɗaliban kiɗa ke yin wasan gwajinsu na ƙarshe a gaban jama'a, 'yan wasan kwaikwayo ke hawa dandamali. A 2020 duk wannan ya koma allo. Baje kolin ya zama shafin intanet da aka haɗa cikin gaggawa. Ƙungiyoyin rera waƙa kowa ya naɗi muryarsa a ɗakinsa aka harhaɗa. An rubuta wasannin kwaikwayo musamman domin Zoom, inda kowane ɗan wasa ke cikin akwatinsa a allo, kuma wannan salo ne da bai yi tsawon rai ba, ana buɗe zauruka aka watsar da shi. Shi ya sa ma ya cancanci ajiya, don ba za a sake yin irinsa da yawa ba. Aikin ma kansa ya sauya: mai sassaƙar da aka rufe wa ɗakin aiki ya koma kan kwali da zare da abin da ya samu a kicin, mai ɗaukar hoto ta koma kan taga da fuskar kakarta.

Jaridun ɗalibai sun yi rawar gani, kuma da yawansu sun daina fita a takarda a daidai lokacin. A watan Agustan 2020 Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta buɗe azuzuwa, bayan mako guda ta mayar da karatu intanet saboda cutar ta ɓarke a ɗakunan kwana, kuma jaridar ɗalibanta ce ta riƙa bin diddigin lamarin. A Jami'ar Notre Dame, jaridar ɗalibai ta buga sharhi a shafin farko tana roƙon hukuma da ɗalibai kada su sa ta rubuta sanarwar rasuwar kowa. Mai binciken da zai so sanin yadda matashi ɗan shekara ashirin ya ji a wannan wata, a nan zai samu, sanarwar shugaban jami'a ba za ta ba shi ba.

Wasu sun fara tarawa tun abin yana ɗanye, da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ranar 13 ga Maris 2020, kwana biyu bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba, malamai a Jami'ar Jihar Arizona suka buɗe wani rumbu a intanet mai suna A Journal of the Plague Year, inda kowa zai iya tura hoto, ko rubutu, ko murya, ko bidiyo, ya kuma faɗi abin da yake nufi a wurinsa. Wasu jami'o'i a Amurka da wajenta suka shiga ciki, ɗalibai suka zama masu turawa kuma masu tantancewa. Ɗakunan karatu masu yawa sun yi nasu kiran na cikin gida, suna neman littafin tunawa na yau da kullum, da waƙa, da zane, daga ɗalibai da ma'aikata. A gefe guda, gamayyar manyan ɗakunan karatu na duniya tare da Internet Archive, wata cibiyar adana shafukan intanet, sun fara kwafe shafukan intanet masu alaƙa da cutar tun watan Fabrairun 2020.

Yanzu ga dalilin da ya sa abin da ke waya da intanet ba ya daɗewa. Ɗalibi yakan ajiye aikinsa a asusun da jami'a ta buɗe masa, kuma jami'o'i da yawa sukan rufe asusun bayan ya kammala. A Fabrairun 2021 Google ya sanar da kawo ƙarshen ma'ajiya marar iyaka da yake bai wa makarantu kyauta, daga Yulin 2022 kowace makaranta ta koma kan terabayit 100 da kowa zai yi tarayya a ciki, abin da ya sa aka shiga share tsofaffin fayiloli. Abin da aka naɗa a Zoom yakan goge kansa bayan wa'adin da makaranta ta sa. Shafin baje koli yana rayuwa ne muddin wani na biyan kuɗin adireshinsa duk shekara, kuma malamin da ke biya yana iya sauya wurin aiki. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke intanet a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Su kansu manyan kamfanoni ba abin dogaro ba ne: a 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015. Wanda ya bar aikinsa a Facebook ko TikTok kaɗai, hatsinsa ya zuba a rumbun wani, ranar da mai rumbu ya ga dama zai sauya kwaɗo.

Misali ɗaya ya isa ya nuna nauyin irin wannan abu. A Maris 2021 Sedona Prince, 'yar wasan Oregon, ta ɗauki ɗan gajeren bidiyo ta ɗora a TikTok, tana nuna 'yan ƙarafunan motsa jikin da aka ajiye wa mata a San Antonio, ta kwatanta da katafaren ɗakin da aka shirya wa maza a Indiana. Bidiyon ya tilasta wa NCAA ba da haƙuri da kawo lauyoyi daga waje su yi bincike, kuma daga 2022 gasar mata ta koma ƙungiya 68 kamar ta maza. Wannan bidiyo ya tsira saboda ya yi suna, gidajen talabijin sun kwafa. Dubban irinsa da mutum ɗari biyu kawai suka gani, waɗanda suka nuna abincin da ake tura wa ɗalibin da aka killace ko ɗakin kwanan da aka kwashe cikin kwana biyu, babu mai kwafarsu.

Sai dai tarawa ba kwasar ganima ba ce, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Waƙar ɗalibi da zanensa mallakarsa ne, jami'a ba ta da ikon wallafawa don kawai a ajinta aka yi. A Amurka akwai dokar FERPA ta 1974 da ke kare bayanan karatun ɗalibi. Bayan doka kuma akwai mutunci. Malamai da dama sun mayar da rubuta tarihin annoba aikin aji, wanda abu ne mai kyau, amma idan maki ya rataya a kan mutum ya yarda a saka rubutunsa a rumbun jama'a, wannan yardar ba ta cika ba. Yarinyar da ta rubuta yadda mahaifinta ya rasu ba ta gan shi ba, ko yaron da ya bayyana ciwon damuwar da ya shiga, ko wanda ya ambaci ɗan'uwansa marar takardar zama a ƙasar, suna iya yin nadama bayan shekara biyar lokacin da mai ɗaukar aiki ya binciki sunansu. Rumbun da ya san aikinsa yakan ba da zaɓi: a ɓoye suna, ko a kulle abin sai bayan shekarun da mai shi ya yanka, ko a bar shi ga mai bincike a cikin ɗakin karatu kawai ba a intanet ba. Ni dai ina ganin gara a rasa rubutu goma da a tozarta mutum ɗaya da ya amince ya buɗe cikinsa.

Akwai kuma tambayar su wa suka turo. Wanda ke da kwamfuta da intanet mai ƙarfi da ɗaki nasa shi kaɗai, shi ke da sukunin rubuta littafin tunawa. Ɗalibar da ta koma gida ta kama aikin kanti don mahaifiyarta ta rasa aiki, ko ɗalibin wata ƙasa da ya maƙale a ɗakin kwana babu jirgin komawa, ba su da lokacin cike fom. Idan aka zauna jiran wanda zai turo, tarihin zai fito kamar kowa ya yi zaman kulle ne yana koyon gasa burodi. Dole mai tarawa ya tashi ya je wurinsu da na'urar naɗar murya.

Ita hanyar ajiyar ba ta da wani sirri. Ana neman ainihin fayil daga wayar da ta ɗauka, domin wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, ranar ɗauka ma takan ɓace daga jikinsa. Ana mayar da shi sigar da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa nan gaba, a yi kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne bayani: wa ya yi, yaushe, a ina, su wa ke ciki, me ya sa. Hoton fili babu kowa, idan babu kwanan wata, hoton fili ne kawai.

Mu ma a nan wannan shekara ta ratsa ɗalibanmu, har ta fi tsanani ta wata fuskar. An rufe jami'o'in Najeriya a ƙarshen Maris 2020, a daidai lokacin da ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba, wata tara cur. Bikin wasanni na ƙasa da aka shirya yi a Edo an ɗage shi ana saura kwanaki, sai Afrilun 2021 aka yi. Gasar NUGA ta jami'o'i, bayan ta Makurdi a 2017, ba a sake yi ba sai ta Jami'ar Legas a Maris 2022, wato akwai ɗan tsere ko 'yar ƙwallon hannu da suka shiga jami'a suka kusa fita ba su taka wannan fili ba. A Kano an ga yawan mace-macen watan Afrilun 2020, har da manyan malaman jami'a, kuma ɗalibansu sun rubuta ta'aziyya da waƙoƙi a Facebook. An yi ta rubuta labarai babi-babi a zaurukan WhatsApp, an yi gasar gajerun labarai da musayar baitoci, ɗaliban injiniya sun ƙera na'urorin wanke hannu. Mafi yawan wannan yana cikin wayoyin da aka riga aka sayar, ko suka faɗa ruwa, ko aka share don a samu wurin sabon bidiyo.

Wuraren da za su iya karɓa muna da su: Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, da Arewa House a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, da sassan Hausa da na zane da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu. Mutanen da za a tambaya ma suna nan, 'yan ajin 2020 yanzu sun gama bautar ƙasa, wasu sun yi aure, amma zaurukan ajinsu na WhatsApp da yawa ba su mutu ba, kuma ta nan za a fi saurin samunsu. Malami ɗaya zai iya bai wa ɗaliban kundin kammala digiri wannan aiki, kowane ya zauna da tsofaffin ɗalibai biyar, da kocin makaranta, da mai kula da fili, ya naɗi hirar da Hausa, ya karɓi ainihin hotuna da rubutattun waƙoƙi tare da takardar amincewa mai sa hannu, sashe ya riƙe kwafi, ɗakin karatu ya riƙe kwafi, na uku a kai Kaduna.